A Tsara Makomar Dagwalon Masana'antun Magani Kafin A Ba Su Fili A Katsina

Ya Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin Gwamnatin Jihar Katsina, da 'yan Majalisar Dokokinmu, da attajiran da ke tunanin zuba jari a harkar haɗa magunguna, zuwa ga wani al'amari da ba kasafai ake ambatonsa ba a ranar aza harsashin gini ko ranar buɗe kamfani, wato makomar ruwan da masana'antar magani take fitarwa bayan ta gama aiki da shi.

Abin da ya sa na ga maganar ta zo a kan gaɓa shi ne yadda ƙasar nan ta karkata akalarta zuwa ga yin magani a cikin gida. A shekarar 2023 babban kamfanin magani na GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, faɗuwar darajar naira kuma ta sa farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, har ta kai magidanci yakan tsaya a gaban kemis yana lissafin wanda zai saya da wanda zai bari daga cikin abin da likita ya rubuta masa. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan umarnin ɗage haraji daga injuna da sinadaran da masu haɗa magani ke shigowa da su. Yawancin masana'antun da ake da su a yanzu suna Legas da Ogun ne, amma babu jihar da ba ta son a kafa irinsu a cikinta, kuma Katsina, da yawan jama'arta da kusancinta da kasuwannin Jamhuriyar Nijar, tana da hujjar neman nata rabon. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Abin da nake nema shi ne a sa sharaɗin ruwa a gaba tun ana cinikin fili, domin Hausawa sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Wanda bai san Katsina ba yana iya ɗauka cewa ruwan da masana'anta ta saki a lambatu ya tafi ke nan. Mu da muke zaune a nan mun san babu ruwan da ke tafiya a banza a ƙasar da daminarta ba ta cika wuce wata huɗu ba. Duk wanda ya bi ta gefen rafin Ginzo a tsakiyar rani, a wajajen Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi, zai ga abin da nake nufi. Ruwan kwatocin gari ne yake gangarowa baƙi ƙirin, amma ga ƙananan injinan ban ruwa a jere a bakinsa, mesa ta miƙe har cikin fangali, latas da kabeji da alayyafo sun yi shar, gari na wayewa kuma za a yanke su a kai kasuwa. Ban ga laifin masu lambun nan ba, domin da wannan sana'a suke ciyar da iyalansu, kuma ba su da wani ruwan da ya wuce wannan. Abin lura shi ne, duk ruwan da ya fito daga bayan katangar masana'anta a wannan yanki sai an sake amfani da shi, ko hukuma ta tsara hakan ko ba ta tsara ba. Mai lambu zai ja shi, makiyayi zai shayar da dabbobinsa, yara za su yi wasa a ciki, abin da ya rage kuma ƙasarmu mai rairayi ta shanye shi ya gangara inda rijiyoyi ke samun ruwa. Ke nan abin da ya rage mana mu yanke shi ne wanda zai yi amfani da shi, da kuma irin tacewar da za a yi masa kafin ya kai hannunsa.

Masana'antun magani iri biyu ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai masu sayo sinadarin magani daga Indiya ko Sin su gauraya shi da wasu abubuwa, su buga ƙwaya, su cika kafso, su ɗura maganin ruwa a kwalba, kuma kusan duk na Najeriya irin waɗannan ne. Dagwalonsu ya fi fitowa daga wankin tukwanen haɗi da injinan buga ƙwaya da daɓen ɗakuna, domin ƙa'ida ce a wanke komai tas kafin a tashi daga wani magani a koma wani, sai kuma abin da ke fitowa daga ɗakin gwaje-gwaje da haɗin da ya lalace. Akwai kuma masu ƙera ainihin sinadarin tun daga tushe, waɗanda ruwansu ke ɗauke da gishiri mai yawa, da asid, da sinadaran narkarwa, da ragowar maganin kansa da ƙarfinsa. Wannan na biyun ne gwamnati ke ƙoƙarin ganin ya kafu a ƙasar nan, kuma shi ya fi bukatar a yi kaffa-kaffa da shi.

Abin da ya faru a Indiya ya isa izina. A garin Patancheru, kusa da birnin Haidarabad, akwai wata matatar dagwalo da kamfanonin magani kusan 90 ke kai wa ruwansu. A shekarar 2007 wani masani daga ƙasar Suwidin, Joakim Larsson, shi da abokan aikinsa suka auna ruwan da ke fita daga matatar, wato wanda aka riga aka ce an tace, suka iske maganin nan da mutanenmu ke kira sifro, wanda ake yawan sha domin taifot, ya kai miligiram 31 a kowace lita. Wannan ya zarce abin da ake samu a jinin majiyyacin da yake kan shan maganin. An ƙiyasta cewa kimanin kilo 44 na maganin ke kwarara daga wurin a kowace rana. A lokacin matatar tana nan kuma tana aiki, sai dai an gina ta ne a kan tsarin tace ƙazanta ta yau da kullum, don haka maganin ya ratsa ta ya wuce abinsa.

Illar wannan ba ta tsaya ga kifi da tsirrai ba. Ƙwayoyin bakteriya da ke rayuwa a cikin ruwa mai ɗauke da maganin kashe su, masu rauni a cikinsu suna mutuwa, masu juriya kuma su rayu su hayayyafa, sannan suna iya miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan juriya, ciki har da masu sa wa ɗan Adam ciwo. Daga nan ne ake samun cutar da za a yi ta ba ta magani tana bijirewa. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a shekarar 2019 kai tsaye saboda wannan bijirewa, kuma yankin da mace-macen suka fi yawa idan aka kwatanta da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma, wato mu. Gaskiya ne cewa babban abin da ke jawo haka a wurinmu halinmu ne na sayen kafso biyu a kemis, mu sha, mu daina da zarar zazzaɓi ya sauka, da kuma yadda masu kiwon kaji ke zuba magani a ruwan sha babu awo. Sai dai gyara halin miliyoyin mutane aiki ne na shekaru masu yawa, ita kuwa masana'anta bututu ɗaya gare ta, wanda an san inda yake, an san mai shi, kuma ana iya sa masa ido. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman a watan Satumbar 2024 a kan yadda masu ƙera magungunan kashe ƙwayoyin cuta za su riƙa sarrafa dagwalonsu.

Akwai abin da ya sa wannan nau'in gurɓata ya fi wuyar ganewa a tsakanin jama'armu. Tun muna makarantar allo aka koya mana duba ruwa ta fuska uku, launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa, kuma wannan ma'auni ne ingantacce a babin tsarki. Amma ragowar magani tana iya zama a cikin ruwa garai-garai, ba launi ba wari, a gwargwadon da harshe ba zai taɓa ji ba, alhali ya isa ya horar da ƙwayoyin cuta. Mutanen Kano sun daɗe suna kokawa da dagwalon masana'antun fata da na masaƙa a Sharaɗa da Challawa da Bompai, kuma rafin Jakara shaida ne, amma nasu aƙalla ido yana gani, hanci yana ji, har a yi ƙorafi. Na magani kuwa sai na'urar awo. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a maƙwabciyarmu Zamfara a 2010 ba, inda sai da aka yi ta binne yara kafin a gano daga inda ajalin yake fitowa.

To, yaya ake tace irin wannan ruwa? Aikin yana farawa ne tun a cikin ɗakin haɗi, kafin a kai ga kowace matata. Injin buga ƙwaya idan ya gama aiki yakan kasance da garin magani a kowane lungu nasa. Ma'aikacin da bai samu horo ba zai jawo mesa ya wanke shi zuwa cikin kwata, wanda ya samu horo kuwa zai fara zuƙe garin da na'ura, ya goge da ƙyalle, sannan ya tara ruwan ɗauraya na farko a tanki na daban, domin a cikinsa ne mafi yawan maganin yake. Wannan ɗan ruwa mai ƙarfi shi ake kashe wa kaifi shi kaɗai. Dangin fenisilin, alal misali, suna wargajewa idan aka zuba musu soda mai ƙarfi aka bar su na wani lokaci, wasu kuma sai an ƙona su a tanderu mai tsananin zafi. Kuskuren da ya fi tsada shi ne a haɗa wannan ruwa da na banɗaki da na kicin da na sama a magudana ɗaya, domin a lokacin ɗan abin da za a iya magancewa da kuɗi kaɗan ya zama tafki guda.

Sauran ruwan sai a tara shi a babban tanki ya gauraya, a daidaita tsaminsa, a zuba alif domin datti ya dunƙule ya kwanta, kamar dai yadda ake yi a matatar ruwa ta Ajiwa. Bayan haka sai ya shiga tankin da ake hura wa iska dare da rana, inda wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke cinye ƙazantar da ta narke a cikinsa. A nan ne hikimar raba ruwan tun farko take bayyana, domin idan maganin kashe ƙwayoyin cuta ya shigo wannan tanki da ƙarfinsa, ko dai ya kashe ƙwayoyin nan masu amfani aiki ya tsaya, ko kuma tankin ya zama gidan renon ƙwayoyi masu bijire wa magani. Yawancin matatun da ake ginawa a nan suke tsayawa, kuma a nan ne ba su isa ba. Ragowar magani tana bukatar ƙarin mataki: a bi da ruwan ta cikin gawayi na musamman da aka sarrafa domin ya riƙe sinadarai, ko a harba masa iskar ozon ta farfasa su, sannan a matsa shi da ƙarfi ta cikin irin matatar nan mai siririyar fata da manyan masu yin fiya wata ke amfani da ita, wadda ko gishiri ba ya ratsa ta sai kaɗan.

Kowace tacewa tana barin abin da ta tace, kuma a nan nake son masu sa ido su fi buɗe idanunsu. Lakar da ke kwanciya a gindin tankuna tana riƙe magunguna irin su sifro sosai. Manomanmu suna neman taki ido rufe, har bola suke saye a kai musu gona, saboda haka ba abin mamaki ba ne wani direban tifa ya ga wannan laka baƙa mai kama da taki ya sayar wa mai gona da ita. Dole a haramta haka a rubuce, a busar da lakar a ƙona ta ko a adana ta a wurin da aka keɓe. Haka ma ruwan gishirin da matata ta ƙarshe ke mayarwa, wanda duk abin da aka cire ya taru a cikinsa. A ƙasashen da suka ci gaba da tururi ake ƙafar da shi, abin da ke cin makamashi mai yawa. Mu kuwa Allah ya hore mana rana wadda a watannin Maris zuwa Mayu takan kai maki 40, don haka tafkunan ƙafarwa za su yi mana aiki, muddin an shimfiɗa musu leda mai kauri a ƙasa don kada su tsiyaya, an kewaye su da waya saboda yara da dabbobi, an cire sinadarai masu tashi a iska kafin a zuba, kuma an yi musu zurfin da ruwan Agusta ba zai sa su ambaliya ba.

Ruwan da ya bi waɗannan matakai dukiya ce, kuma wurin da ya fi dacewa a yi amfani da shi shi ne cikin katangar masana'antar kanta. Injuna suna bukatar ruwan sanyaya su, tukunyar tururi tana sha da yawa, ga wankin harabar kamfani da banɗakunan ma'aikata. Ba a mayar da shi cikin magani, domin wannan yana da nasa ruwan mai tsananin tsabta. Shi kansa yin wannan tsabtataccen ruwa yana zubar da wani kaso mai yawa na ruwan burtsatse wanda bai taɓa haɗuwa da magani ba, kuma shi ne mafi sauƙin sake amfani da shi, amma sau da yawa sai a bar shi ya bi kwata. Duk litar da kamfani ya sake juyawa, lita ce da bai zuƙo daga ƙarƙashin ƙasa ba, kuma wanda ya taɓa zama kusa da mai burtsatse mai zurfi ya san yadda rijiyoyin maƙwabta ke ƙafewa, har unguwa ta koma hannun 'yan ga-ruwa. Idan an samu rara, a shayar da itatuwan kare hamada irin su dalbejiya a kewayen masana'anta. Ban yarda a kai shi lambun latas da kabeji da ake ci ɗanye ba, sai fa idan gwaji na kai a kai, daga ɗakin awo mai zaman kansa, ya tabbatar da cewa babu ragowar magani a ciki. Birnin Windhoek na Namibiya, wanda ya fi mu ƙarancin ruwan sama, yana tace ruwan ƙazantar gidaje ya mayar da shi famfo tun 1968, amma sun yi haka ne bayan sun ware dagwalon masana'antu daga wanda ake mayarwa, kuma awo ba ya yankewa a wurinsu.

Na san abin da masu jari za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya: wannan tsari yana da tsada, kuma yana cin wuta a ƙasar da wuta ba ta tsayawa. Tankin da ake hura wa iska idan ya daɗe babu wuta ƙwayoyinsa mutuwa suke yi, kuma farfaɗo da shi yakan ɗauki makonni. Sanin kowa ne cewa inda man janareta ya yi tsada, na'urar da ba ta kawo kuɗi ita ake fara kashewa, a kunna ta ranar da aka ji jami'an duba-gari suna tafe. Maganin wannan shi ne a ɗora matatar a kan wutar sola tata ta kanta, a sa mata mitar wuta da mitar ruwa daban, ta yadda jami'i zai iya kwatanta ruwan da kamfani ya jawo da wanda ya tace da wutar da matatar ta ci a wata. Waɗannan alƙaluma uku suna da wuyar daidaitawa a kan ƙarya. Idan kuma gwamnati za ta keɓe wa masana'antu unguwa guda, to gina musu matata ta haɗin gwiwa zai rage wa kowa nauyi, da sharaɗin kowane kamfani ya kashe kaifin maganinsa a gidansa kafin ya turo, don kada a maimaita abin da ya faru a Patancheru.

Ta fuskar doka ba daga sifili za mu fara ba. Tun 1992 akwai dokar da ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli kafin a fara su. Ɗan jihar nan ne, marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya sa hannu a kan dokar kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, a 2007, kuma a 2009 aka fitar da ƙa'idoji na musamman da suka shafi masana'antun sinadarai da magunguna da sabulu. Ita kuwa NAFDAC ingancin abin da ke cikin kwalba ne babban aikinta. Gwaje-gwajen dagwalo da aka saba yi sun fi mayar da hankali ga tsami da yawan datti da ƙarafa masu guba, kuma ruwa yana iya cin duk wannan jarrabawa alhali yana cike da magani. A nan ne jiha take da ƙarfin da ba ta cika amfani da shi ba, domin fili a hannun gwamna yake. Ana iya rubutawa a cikin takardar mallakar fili cewa ba za a fara aiki ba sai an gama matata an gwada ta, cewa za a riƙa auna ragowar kowane magani da kamfani ke haɗawa da sunansa, cewa za a haƙa rijiyoyin gwaji a kewayen wurin a auna ruwansu tun kafin a fara aiki domin a samu abin kwatance, kuma a liƙa sakamakon a ofishin ƙaramar hukuma da fadar hakimi inda mai unguwa da shugaban masu lambu za su iya zuwa a karanta musu. Wajen zaɓen wuri kuma, a nisanta irin waɗannan masana'antu daga duk wani kwari da ke malala zuwa madatsun Ajiwa da Zoɓe da Jibiya, ko Sabke da mutanen Daura ke dogaro da ita.

Awon nan kuwa bai kamata ya zama sai an ɗauki kwalba an kai Legas ba, domin abin da sai an yi masa doguwar tafiya ba ya daɗewa ake daina yin sa. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, dukkansu da malaman kimiyyar sinadarai da ɗalibai masu neman abin bincike. Ina kira ga Majalisar Dokokin Jiha da ta sa a kasafin kuɗi mai zuwa a saya wa ɗaya daga cikinsu na'urar auna ragowar magani a ruwa, tare da kuɗin kula da ita da horar da masu sarrafa ta, a kuma fara da auna rafin Ginzo da magudanan da ke fitowa daga manyan asibitocinmu, waɗanda suke kwarara a yau tun kafin a kafa masana'anta ko ɗaya.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu daga unguwar Ƙofar Marusa, Katsina.